Gaisuwar da Na Yi wa Hoto

Sai da ta sunkuya karo na uku, tsinken turare riƙe a goshinta, sannan gabana ya faɗi. Ina durƙushe kusa da ita a tsakar gidanmu, kasko na hayaƙi a gabanmu.

'Yar ƙasar Sin ce, tana koyon Hausa a harabar jami'a ta Kongo, duk Laraba takan shigo birni in koya mata ɗinkin hula. Ran nan ta sauko daga keke da leda: lemo uku, shayi a kwalba, da hoton wata dattijuwa. Ta ce an hana kunna wuta a ɗakinta, ko zan ara mata kasko? Turare ai ba baƙo ba ne a wurinmu. Ni na hura garwashin da bakina. Ta jingina hoton a kan kujera 'yar tsugunno, ta ce, "Mamana." Ni kuwa a gidanmu ba a gaida babba a tsaye. Kafin in yi tunani gwiwata ta kai ƙasa, na ce, "Ina wuni, Mama," har ina dariya. Ta miƙo mini takardu masu ruwan gwal, na taya ta jefawa cikin wuta.

Da ta ɗago na ce, "Takardun nan na mene ne?"

"Kuɗi ne, na aika mata. Ta rasu. Yau ranar share kabari ce a garinmu, ni ina nesa."

Ta yi mini bayani da Hausarta mai tsalle-tsalle, tana share ido. Wai wani malaminsu na zamanin da ya koya musu cewa ladabi ga iyaye shi ne tushen komai, kuma ba ya ƙarewa don sun mutu. A ba su abinci, a rusuna musu, a gaya musu labarin gida, su kuma su kula da na baya. Ta gode mini, ta ce yanzu mamarta ta san ni.

Wannan maganar ce ta ƙarasa ni. Na durƙusa wa matacce, na hura wutar, na ƙona da hannuna. A Islamiyya an karantar da mu cewa shirka na rushe aiki, wanda ya fita daga addini kuma aurensa ya warware. Watana huɗu a ɗaki.

Na zubar da tokar, na wanke kaskon sau bakwai, ban san ma dalilin bakwai ɗin ba. Na tayar da sallar la'asar, a raka'a ta biyu na ji wani abu na ce mini, wa kike yaudara? Maigidana ya dawo daga kasuwar hatsi, na ajiye masa tuwo na ja baya kamar baƙo ne. Ya ce, "Amarya, yau kuma azumin magana ake?" Na ce kaina ke ciwo. Idan na faɗa masa, kuma ya tabbata haka ne, to ina zaune a gidan mutumin da ba mijina ba. Idan na yi shiru, haka ɗin dai.

Bayan kwana biyu na kira ta a waya, ina kuka. Ba ta gane ba. Ta ce su fa ba sa ce wa iyayensu Allah. Ta ce akwai wata koyarwar tasu kuma, Tawo, wato hanya: kada mutum ya yi kokawa da abin da ya same shi, ya zama kamar ruwa. Ruwan da ya gurɓace, in an bar shi zai kwanta. Na ce mata to. Nawa ruwan bai kwanta ba.

Ran Asabar da hantsi na saka hijabi na taka zuwa zauren kawuna, wan mahaifiyata, mai karantar da littattafai. Na jira masu ɗaukar karatu suka watse. Na durƙusa, sai na tuna, na zabura zan miƙe.

"Zauna, 'yar nan. Wa ya mutu?"

Na faɗa masa komai, har "Ina wuni, Mama." Ya cire tabarau, kafaɗarsa na rawa don dariya.

"To ta amsa?"

"Kawu, don Allah."

"Da kika durƙusa, kin san ta rasu?"

"A'a."

"Kin roƙe ta wani abu? Kin ɗauka tana iya amfana miki ko ta cuce ki?"

"Wallahi a'a. Gaisuwa ce kawai, kamar yadda nake gaida Inna."

"Takardun fa?"

"Na zaci turare ne."

Ya mayar da tabaraunsa. Sannan ya ce, "Ba a fita daga Musulunci da ladabi cikin rashin sani. Yi istigfari, kada ki sake, ki gaya mata da taushi cewa ba a gidanki ba. Marainiya ce, kada ki kore ta."

"Auren fa, Kawu?"

"Yana nan inda muka ɗaura shi. Tashi ki je ki ɗora wa yaron nan abinci."

Na miƙe, na gyara hijabina. Na kama hanyar gida.