Takardun da Aka Manne da Leda

Shekara ashirin da biyu ke nan kawuna yana shirya ɗalibai masu tafiya jami'o'in ƙasashen waje, a wani ɗaki saman kantin magani. Shi kuwa bai taɓa hawa jirgi ba. Ɗalibai suna kiransa Saura-Ƙiris.

Shi ma ya taɓa samun gurbin karatu. Kakata, don tsoron gara da yoyon ɗaki, ta kai takardun shaidarsa aka manne su cikin leda da injin zafi. Ma'aikacin tantancewa ya ce hatimi ba ya zama a kan leda. Kawu ya gwada ɓarewa da reza, rubutun ya biyo ledar. Kafin a ba shi wasu, wa'adi ya wuce.

Yanzu duk sabon ɗalibi, tun kafin gaisuwa sai ya shafa takardunsa. Da ya ji santsi sai tsawa: "Uban wa ya aike ka?"

Kakata ta tsufa, ta manta sunayenmu duka. Amma kullum ya shigo gaishe ta sai ta tambaya, "Yaushe ne tafiyar?"

Shi kuma ya durƙusa ya ce, "Saura ƙiris, Inna."