Ladan Miftah da Burjin Rago

Miftah bai taɓa ɗaura agogo a hannu ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana ladanci a ƙaramin masallacin unguwar masunta a Sallum, kuma kayan aikinsa duka wani turken ƙarfe ne da ya kafa a harabar masallaci. Idan rana ta take, sai ya tuɓe takalmi ya auna inuwar turken da tafin ƙafa, yana motsa leɓe, sannan ya hau soro ya kira salla. Masu agogo kan dubi hannunsu su gyara.

Sanin sama gadonsa ne. Mahaifinsa jagoran ayarin raƙuma ne tsakanin bakin teku da zangon Siwa a cikin hamada, shi ya nuna masa taurari irin su kaza da 'ya'yanta da gamzaki, da tauraron da idan ya ɓullo ake shirin zuba sha'ir. Saboda haka duk mai son sanin lokacin yi wa tumaki aski, ko ranar da ruwa zai sauko wa itatuwan ɓaure, wurin Miftah yake zuwa. Ba a biyansa, shi ma bai nema ba. Abin da ransa ke so shi ne shirun nan da kan sauka a gidan shayi idan an yi masa tambaya. Sai ya juya cokali a kofi a hankali, kowa na jira, sannan ya amsa. Allah ya yafe mana, kowane bawa da inda ransa ke da rauni.

Matarsa Mastura tana da ƙane, Gaballah, direban akori-kura mai kai albasa da tumatir kan iyakar Libiya. Mutum ne mai baki da dariya, ba shi da mugunta, amma idan ya zauna a wuri ba a jin muryar kowa sai tasa. Miftah yana haƙuri da shi, don a ganinsa surutun direba bai wuce farashin taya ba.

Sai shekarar da aka ce za a yi husufin rana, kuma a garinmu duhun zai fi cika. Masana suka zo daga Alƙahira da ƙasashe masu nisa, suka kafa tantuna a kan dutsen da ke saman gari. Gaballah ne suka ɗauka haya ya riƙa hawa da akwatunansu. Kwana goma ya yi yana jigila yana kasa kunne, kowace yamma kuma ya sauko gidan shayi da guzurin kalmomi.

"Ku matso ku ji, jama'a," in ji shi. "Wata yana da falaki. Falaki titi ne a sama, amma zagayayye, ba tasha ba shinge. To ran Laraba wata zai shigo falakin rana ba tare da ya ba da hannu ba. Shi ke nan, karo!"

Wani masunci ya ce, "Me zai hana shi faɗo mana a ka?"

"Maganaɗisun duniya mana. Shi ya sa ranar duk mai haƙorin ƙarfe ya rufe bakinsa. Duhun kuwa zai yi shekarar haske huɗu."

"Shekara huɗu! Mu ci me?"

"Kai, ba irin shekararku ba. Haske sauri gare shi, shekararsa minti ɗaya ce."

Aka yi ta jinjina kai. Miftah yana gefe, a mazauninsa na kullum, yana juya cokali. Ya juya har sukari ya narke, har shayin ya huce, ba wanda ya waiwayo. Hamad makiyayi, wanda shekara ashirin bai kai garke kiwo mai nisa ba sai ya tambaye shi, ga shi ya juya kujera yana kallon bakin direba.

A gida ma bai tsira ba. Mastura tana fitar da gurasa daga tanderu ta ce, "Baban Salim, Gaballah ya ce rana tana da rawani, ba a ganinsa sai wata ya zauna mata a fuska."

"Rawani? Ya faɗa miki wanda ya naɗa mata?"

"Ni dai abin da masu ilimi suka gaya masa nake faɗa."

"Masu ilimi sun gaya masa ya sauke akwati a hankali. Sauran shi ya ƙara."

Ta dube shi ta gefen ido ta ce, "Kunnenka ya yi ja." Bai ci gurasar ba.

Abin ya kai maƙura ran Juma'a. Liman Shehi Abdulgawad, tsoho wanda idonsa ya yi rauni, ya ce za a yi sallar husufi cikin jam'i, kuma ana bukatar sanin lokaci don mutane su bar sana'a su taru. Da can ba sai an yi tambaya ba. Wannan karon liman ya ce, "Miftah, ka tuntuɓi surukinka, tunda yana tare da mutanen dutse." A gaban sahu ya faɗa.

Miftah bai tuntuɓi kowa ba. Ya bi ta ƙofar ɗakin shan magani, inda aka liƙa takardar bayanin husufi, ya duba hagu da dama, ya ɓalle ta ya cusa a hula. Karatunsa na allo ne, rubutun gwamnati yana ba shi wahala. Kwana uku yana binta da yatsa a bayan masallaci, yana tsintar kalmomin da suka fi nauyi a baki. Lokacin husufin yana nan a rubuce da lambobi a ƙasan takardar. Ya gani. Ya kuma san daidai yake da abin da Gaballah ke faɗa, shi ya sa ya naɗe wajen ya bar shi a naɗe.

Ran Talata da yamma gidan shayi ya cika har bakin titi, masu dara sun bar ramukansu. Gaballah yana tsaye da lemo a hannu ɗaya, kofi a ɗayan, yana zagaya su.

"Gobe bayan kiran azahar kaɗan, ƙarfe sha biyu da rabi da 'yan mintuna, duhu zai rufe."

Miftah ya ajiye cokali. "Direba, ka san wata ya karkace digiri biyar?"

Gaballah ya tsaya. "Na sani mana, Ladan."

"To me digiri biyar ke nufi?"

"Kwana ce, irin ta gangaren dutse."

"Ka ji ko! Digiri biyar sanyi ne. Kai da kake shan iska a mota ba ka san sanyin digiri biyar ba? Wata zai taso jikinsa a sandare, ga shi sai ya tsallake layin ikwaita, ba gada."

"Ai maganaɗisu zai ja shi!"

"Maganaɗisu yana jan abin da ya yi sanyi? Bari wannan ma. A wane burji rana take yanzu?"

Gaballah ya dubi lemon hannunsa. Wannan kalmar, mai nufin gidan taurari da rana ke sauka a ciki, ba ta cikin akwatunan da ya ɗauka.

Miftah ya miƙe a hankali, ya gyara mayafin kafaɗarsa. "Tana burjin rago. Hamad, kai ne mai tumaki. Rago yana tafiya da tsakar rana?"

Hamad ya ce, "Ina! Ko ka doke shi, sai ya cusa kai a ƙarƙashin ɗan'uwansa ya tsaya."

"Sai yaushe?"

"Sai la'asar ta yi sanyi."

"To husufi sai bayan la'asar."

Wurin ya yi tsit, irin shirun da Miftah ya yi kwana goma yana ƙishirwarsa. Sai tsofaffi suka ɗauka da "Wallahi haka ne!" Hamad ya mayar da kujerarsa inda take da. Gaballah ya yi ta rantsuwa cewa da kunnensa ya ji, da idonsa ya ga agogon masanan, amma wa zai saurari mai albasa a kan halin rago? Liman da aka kai masa labari ya ce ladan bai taɓa saɓa lokaci ba, a taru bayan la'asar.

Miftah ya koma gida ya ci abinci har da ƙari. Da Mastura za ta kwashe kwano ta tambaya, "Ka tabbata, Baban Salim?" Ya ce mata ruwa yake so.

Da safe Hamad ya kora garkensa can cikin kwari. Masunta da yawa suka fita teku. Gaballah ya hau dutse da masanansa.

Bayan hantsi ya wuce, Miftah ya tuɓe takalmi don auna azahar. Tun kafin ya kai turken ya ga hasken ba na kullum ba ne, ya yi fari-fari kamar fuskar mara lafiya. Bakin inuwar ya yi kaifi. A ƙarƙashin rumfar ganyen dabino, inda rana ke ɗigowa ta ƙananan ramuka, kowane ɗigo ya zama jinjirin wata, ɗaruruwa, a kan tabarma. Iska mai sanyi ta taso daga teku. Tantabarun soro suka dawo suka jeru.

Ya kira azahar. Mutum bakwai suka zo. Suna sallamewa duhu ya fara gangarowa daga kan dutse. Ya tsaya a gindin matakala, hannunsa a bango. Idan ya hau ya yi shelar sallar husufi yanzu, ya shaida da bakinsa, a lasifika, cewa direba ne mai gaskiya. Idan ya yi shiru, gari zai wuce wannan aya ta Ubangiji ba sujada, saboda shi. Ya daɗe a wurin fiye da yadda ya kamata, wannan shi da kansa ya faɗa daga baya. Sannan ya hau.

Yana shela rana ta rufe. Taurari suka fito, ya san su ɗaya bayan ɗaya. A kewayen baƙin wata kuwa ga wani farin haske a naɗe, mai geza, wanda mahaifinsa bai taɓa ba shi labarinsa ba. Har cikin wannan tsoron, abin da ya fara zuwa ransa shi ne Gaballah ya riga shi sani. Ya yi istigfari, ya sake ɗaga murya.

Mata da tsofaffi da masu shaguna suka zo a guje, wasu ba takalmi. Aka yi salla mai dogon ruku'u har haske ya dawo. Masunta a cikin jiragensu suka yi tasu. Hamad ya iso bayan la'asar da ƙura har gira, don tumakinsa da suka ga duhu sun juyo gida da kansu, sun watse a kwari. Bai yi zagi ba. Ya tsaya a ƙofar masallaci ya ce, "Ladan, ragon naka yau da tsakar rana ya yi tafiya."

Da magariba liman ya ce a gaban jama'a, "Miftah, wa ya faɗi daidai?"

Ya dubi tabarma. "Gaballah."

"Ban ji ba, kunnena ya tsufa."

"Gaballah, Allah gafarta Malam."

Gaballah ya rungume shi yana dariya, yana cewa ba komai, ai maganaɗisu ne ya yi sauri. Wannan yafiyar ta fi wa Miftah ciwo a kan zagi. Bayan mako guda aka ga hoton direban a jarida, a tsaye kusa da babban madubin hangen sama na masanan, ya ɗora hannu a kai kamar shi ya ƙera. Mai shayi ya liƙa hoton a bango, daidai saman mazaunin Miftah. Ladan kuwa ya koma zama a bakin ƙofa, wai ya fi iska.

Ladancinsa bai taɓu ba, ya ƙara shekara tara yana kiran salla kan lokaci. Tambayar sama ce ta ragu. Matasa suka koma wurin Gaballah, wanda har ya tsufa yana bayyana musu cewa mura daga falaki take saukowa. Tsofaffi kaɗan suka ci gaba da zuwa batun ruwa da sha'ir, kuma amsarsa takan yi daidai. Sai dai bai ƙara amsa wa kowa kai tsaye ba. Yakan dubi mai tambaya ya ce, "Ka je wurin direba tukuna? Me ya ce?" Idan an ce ba a je ba, sai fuskarsa ta saki, ya matsa ya ba mutum wurin zama. Allah ya jiƙansa, ya yafe masa, ya yafe mana.