Shanun Maigatari a Rumbun Gagarawa

Akwai wata Alhamis da har yau ba ta fita raina ba. Ina shekara ta biyu a wani ƙaramin kamfanin rubuta manhaja a Gumel, wata ƙungiyar makiyaya ta ba mu aikin shafin rajistar rigakafin shanu. Kowane gari da rumbun bayanansa, wato inda kwamfuta ke adana abin da aka shigar. Fom ɗin rajista kuwa ɗaya muka rubuta, a ɗauka a dasa a shafin kowane gari.

Ni aka ba na Maigatari. Intanet ɗinmu sai a hankali, don haka a filashi muke kwafar aiki. Na kwafe na Gagarawa kacokan, na sauya sunan gari, na fita shan fura ina jin ba kamata. Na manta cewa adireshin rumbun Gagarawa da kalmar sirrinsa suna cikin fom ɗin, kuma da hannuna na rubuta su. Duk saniyar da aka yi wa rajista a Maigatari, Gagarawa sunanta yake tafiya.

Alhamis ɗin nan, ranar kasuwar Maigatari, jami'in dabbobi ya kira. Wani dattijo, Arɗo Buba, yana bakin kara, wato kasuwar shanu, da garkensa, an duba rumbun Maigatari babu sunansa. In ba shaidar allura, ba shiga, ga manyan masu saye ba sa wuce azahar.

Shugabar sashenmu, Malama Saratu, ba ta ɗaga murya ba. Ta buɗe fom ɗin, ta gano ɓarnar, ta karɓi wayar, ta ce a haɗa ta da Arɗo.

"Baba Arɗo, a gafarce mu. Laifinmu ne, ba naka ba. Ka ba ni rabin awa."

"Hajiya, tun asuba muke tafe, dabbobin nan ko ruwa ba su sha ba."

Kafin cikar rabin awar ta maido da bayanan, Arɗo ya kora shanunsa cikin kara.

Na ce bari in gyara adireshin mu huta. Ta ce, "Malam Nura, gobe fa sai na garin Sule Tankarkar. Ba a ɗaure guga a rijiya ɗaya." Ta sa muka cire adireshi da kalmar sirri daga fom, muka zuba su a fayil daban, kowane gari da nasa. Fom kuma in ba a nuna masa rumbu ba, ya ƙi aiki ƙememe, kada ya yi canke.

Da manaja ya tambayi wanda ya yi kuskuren, cewa ta yi, "Ni na duba aikin na sa hannu." Kunya ta kama ni, na miƙe na faɗi gaskiya. Wallahi ban taɓa ganin shugaba irinta ba.

Shi ya sa, ku sababbin shiga, nake takura muku a kan fayil ɗin nan. A sana'armu mai kuskure yana cikin inuwa ƙarƙashin fanka, wani bawan Allah ne can yake shan rana.