Gayaunar Yaya

Shekarar da yayana ya gama sakandare, Baba ya yanka masa gayauna a fadama. Haka ake yi wa ɗa namiji a gidanmu idan ya kawo ƙarfi. Yana nan cikin gandu yana aiki tare da kowa, amma sai a ware masa ɗan gefe, abin da ya noma a ciki nasa ne. In ya riƙe ta da kyau, baɗi a ƙara masa. In ya yi wasa, a mayar da ita cikin gandu, kuma Baba ba ya maimaita magana. Ƙauyenmu yana tsakanin Wurno da Goronyo, albasa ce rufin asirinmu da rani.

Ina wurin ranar da aka yanka ta, na kai musu fura. Baba ya fiƙe turaku na geza ya kafa a kusurwoyi, yana bugawa da ƙotar fartanya. Yaya ya durƙusa ya yi godiya. Yana durƙushen ne wayarsa ta yi motsi a aljihu, na ga hannunsa ya kai wurin ya dafe ta kamar mai lallashin jariri.

Ba rago ba ne, wannan ina so a sani. Wayar ma da ƙodagon damina ya saye ta, ta hannu ce, gilashinta a tsage ta gefe guda. A makaranta ya ci darasin kwamfuta, duk da cewa a allo aka zana musu ita da alli. Ya sha zuwa shagon caji ana cika masa neman aiki ta waya, na soja, na asibiti, na koyarwa, babu wanda ya taɓa amsa masa ko da a'a. Ana cikin haka mainin, wato haƙar kuɗi ta waya, ya shigo gari.

Ɗan mai shagon caji ne ya kawo shi daga Sakkwato. Wani kwabo ne mai ruwan zinariya yake fitowa a fuskar waya, ka yi ta danna shi da yatsa, lamba tana hawa. Aka ce akwai ranar da abin zai fashe, wato lambobin nan su zama kuɗi. Aka ce wani ya sayi mota da shi a birni. Ban taɓa jin wanda ya ga mutumin da idonsa ba, kullum abokin wani ne ya gan shi.

Ni ce mai danna wa Yaya idan yana fadama. Ina dawowa daga makaranta, kafin in cire hijabi, zan ɗauko wayar a ƙarƙashin matashinsa. Ya koya mini dannawa da yatsu uku. Wayar takan yi zafi har ta bayanta, tsakiyar gilashin ya yi maiƙo daidai inda kwabon yake, robarta kuma warin albasa take. In ya dawo sai ya zauna kusa da ni a bakin zaure ya duba lambar.

"Auta, hannunki na da albarka. In abin ga ya hwashe, ke da tahiya makaranta ƙasa har abada. Keke za ni saya miki, mai kwando."

Ni ba mai magana ba ce, murmushi kawai nakan yi. Keken bai dame ni sosai ba. Zaman da yake yi kusa da ni yana mini magana kamar babba, shi nake so.

Ba mu kaɗai ba ne. Malaminmu na lissafi yakan ba mu aiki, ya sa hannu a ƙarƙashin tebur, kafaɗarsa tana rawa a hankali. Mai shayi yana danna tasa da hagu yana juya madara da dama. Baffa, ƙanen Baba, wanda ba shi da babbar waya, ya sa Yaya ya buɗe masa tasa rijistar a cikin wayarsa. Duk wanda ka shigar ana ƙara maka lamba, don haka Yaya ya bi gidan kaf. Ranar da ya zo kan Inna tana tankaɗe, sai ya ɗora mata wayar a gaban fuska.

"Inna, ƙihta ido."

"In ƙihta ma wa?"

"Ma wayar. Yanzu juya kai dama. A'a, damanki."

"Kai wanga yaro, ko ubanka bai taɓa sa ni wagga rawa ba. Mi za su yi da huskar tsohuwa?"

"Kuɗɗi za su ba ki."

"To Allah shi sa. Ka ce musu ƙwarya nika so, babba." Ta juya kan, gari a girarta, muna ta dariya.

Baba bai hana ba, bai kuma sa baki ba. Sau ɗaya kawai, bayan sallar la'asar, na ji ya tambayi Yaya, murya ƙasa-ƙasa: "Wanga abu, in ya hito, ana hidda mishi zakka?" Daga ranar na san shi ma yana jira.

Da irin albasa ya isa dashe, Yaya ya yi aikinsa kamar kowa. Ya tayar da fangali, aka sakar musu ruwa, ya bi laka yana cusa iri da ɗan yatsa, layi a miƙe kamar an ja zare. Har Baba ya tsaya ya duba bai gyara komai ba, wanda a wurinsa yabo ne. Saura ruwa na biyu. Duk ɗan fadama ya san shi ke raya dashe, domin saiwa ba ta kama ƙasa ba tukuna, rana kuma ba ta da tausayi. Injin ban-ruwa guda ne a danginmu, na Baffa, yana zagayawa gida-gida. Ranar da ya zo kanka kai za ka kawo manka, kai za ka tsaya a kan ruwanka. In ba ka nan ya wuce gaba, sai ya sake zagayowa. Gayaunar farko kuwa Baba ya ce babu mai taya Yaya aikinta, don a ga hannun mai ita.

Aka sanar cewa ranar fashewa ta zo, ta kuma faɗo daidai ranar injinsa. Aka ce duk wanda bai shiga ya karɓi nasa da wuri ba, zai iya rasawa. Sabis ɗin ƙauyenmu sai ka hau tudu ka ɗaga hannu, don haka samari suka yi ayari zuwa Wurno tun da safe. Yaya ya ce mini kafin rana ta yi tsaka ya dawo.

Na kai abinci fadama da hantsi. Injin yana ajiye a kan iyakar Yaya, tiyo a naɗe, Baffa yana zaune a kai. Galan ɗin man Yaya yana gefe. Iska ta ɗan taso sai na ga ya faɗi ya mirgina. Babu komai a ciki. Kuɗin man ya tafi a data da kuɗin babur.

"Ke, ina yayanki?"

"Ya tahi Wurno, Baffa."

"Na sani." Ya dubi hanya, ya dubi rana. Mai bin Yaya a layi yana tsaye da nasa galan a cike, yana buga shi a gwiwa. Baffa ya jira har inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa, sannan ya miƙe suka ɗauki injin su biyu. Da suka yi 'yan taku ya waiwayo. "In ya zaka, ki ce mishi ya duba min tawa."

Na tsaya ina kallon dashen. Ƙasar ta fara tsagewa ƙanana-ƙanana, bakin ganyen ya fara kwantawa.

Yaya ya dawo da yamma, ƙafafunsa fari fat da ƙura. Wuni suka yi a gindin ƙarfen sabis, abin yana juyawa yana ƙin buɗewa. Da ya buɗe, abin da watannin dannawarmu suka zama bai kai ya cika galan ɗin nan ba. Na Inna da na Baffa an ce ba su cancanta ba. Bai ci abinci ba, ya ɗauki bokiti biyu ya nufi gulbi. Washegari ma haka, da jibi. Gulbin da nisa daga gayaunar, ruwan bokiti kuwa ƙasa na shanye shi kafin ya juya baya. Kafaɗunsa suka saluɓe. Da injin ya zagayo, fangalin da ke kusa da hanya ne kawai suke da rai, sauran sun zama kamar zaren buhu.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bakin mutane. Cikin kwana kaɗan kowa ya zama mai hangen nesa. Mai shayi ya ce shi dama gwaji yake yi. Malaminmu ya tsaya gaban aji ya yi mana wa'azi a kan matasan da ke son kuɗi ba gumi, yana nuna mu da yatsan da na san aikin da ya sha. Baffa ya faɗa a majalisa, ina wucewa da tulu na ji: "Yaran yanzu, ka ba su ƙasa su bar ta su bi iska. Mu da munka tashi ba haka munka gani ba." Aka yi ta gyaɗa kai. Babu wanda ya ce shi ma ya miƙa fuskarsa. Ɗan mai shagon caji kuwa, wanda duk garin ta hannunsa aka shiga, a wurinsa ake caji ake sayen data, ya sayi babur sabo. Shi ba a zaginsa, cewa ake yaron yana da wayo.

Inna ce kaɗai ba ta canza magana ba. Wata rana tana daka ta tsaya ta ce da ni: "Auta, huskata da anka ɗauka, tana wurin wa yanzu?" Ta ci gaba da dakanta.

Baba bai yi faɗa ba. Ya bari aka cire 'yar albasar da ta tsira, ba ta kai abin kaiwa kasuwar Goronyo ba, a gida muka cinye ta. Sannan wata safiya ya ce Yaya ya biyo shi fadama, ni kuma aka ba ni fura in bi su. Baba ya je kusurwar farko ya girgiza turken gezar nan, ya ƙi fita, don ya fara tsiro. Ya sa ƙarfi ya tumɓuke shi.

"Baba, a ƙara min shekara guda. Na ga kuskurena."

Na zuba wa Baba ido. Ina jira ya tuna tambayar da ya yi ta zakka, ko da a fuska ne. Bai dubi Yaya ba.

"Ƙasa ba ta jiran mutum. Ɗauko sauran."

Yaya da kansa ya zagaya ya ciro ragowar turakun, ya rungumo su zuwa gida. Inna ta ƙi sa su a murhu, suna nan jingine a bayan rumbu.

Bana ɗan Baffa aka yanka wa gayauna, a daidai wurin. Yaya yana cikin gandu, shi ke ja masa tiyo ranar da layin ruwa ya biyo ta can. Wayar tana nan, caji ba ya zama a cikinta. Ya daina zama kusa da ni a bakin zaure. In na kai fura yakan karɓa ya ce, "Sannu, Auta," ya juya wajen ruwan.