Baƙin Ekran a Ɗakin Kaka

Ranar kasuwar Tamaske ce, cikin hutun damina na shekarar da zan shiga kwaleji. Na dawo daga kai wa manoma fura, ƙafafuna duk laka, na tarar da yaran unguwa sun cika zaurenmu. A tsakiyarsu ɗiyar gwaggona ce, Yaya Hadiza, wadda take karatu a jami'ar Tawa, ta ɗora wata tsohuwar ordinata, wato kwamfuta, bisa turmin da aka kife. Babana ne ya aiko da ita daga Abijan, inda ya daɗe yana biɗar kuɗi, tare da katin memuwa, ɗan katin nan da ake sa wa waya, wanda ya ce ya yi mana magana a ciki. Wayar ƙanensa, Baba Idi, ta ƙi karanta katin. Ita kuwa ordinatar, in an kunna ta, sai ta yi ta nishi kamar jakin da aka yi wa lodin albasa, kafin ta buɗe batir ya mutu.

Yaya Hadiza ta ce ba mutuwa ta yi ba, kaya ne suka yi mata yawa. Ta zaro wani ɗan kile, abin ajiyar nan da ake soka wa na'ura, daga jakarta, ta ce akwai ƙaramin sistem a ciki, na kyauta, wanda mutane daga ƙasashe dabam-dabam suka haɗu suka rubuta, kowa yana iya buɗe cikinsa ya gani. Muka ɗauko batir ɗin fanon hasken rana da ake cajin wayoyi da shi, ta jona. Yara suna jiran fim, sai ekran, fuskar na'urar, ya yi baƙi ƙirin, ƴan farare-fararen rubutu suka gangaro, sannan wata ƴar siririyar sanda ta tsaya tana ƙifta ido. Ɗaya bayan ɗaya suka zame, suka koma wasan langa. Ni na kasa tashi. So nake in san me sandar nan take jira.

"Ke take jira," in ji Yaya Hadiza. "Ba ta yin komi sai an ce ta yi."

Da yatsa ɗaya na rubuta abin da take faɗa mini. Muka raba cikin na'urar gida biyu, muka share tsohon kaya, muka zuba sabo, muka sa mata agogon Nijar, na raɗa mata suna Tamaske. Aka zo kalmar sirri, na buga, ban ga komai ya fito ba, na zaci na ɓata. Ashe haka take ɓoye ta. Kwanakin da suka biyo baya, da zarar na gama surfe da ɗebo ruwa, na ɗaure awaki, sai in zauna gabanta. Na koyi haruffa biyun da ke nuna abin da ke cikin wuri, da biyun da ke shigar da mutum wani wurin. In na yi kuskuren harafi ɗaya, sai ta ce ba ta san wannan ba, babu faɗa babu bulala, ta sake jirana.

Ba mu kai ga katin ba aka kira Yaya Hadiza, mahaifiyarta ba lafiya a Keita, ta tafi. A makon nan Baba Idi ya ce abin da ba ya nuna hoto ba shi da amfani, in zai je Madawa zai tafi da ita wajen masu gyara, su cire abin da zai ciru. Na roƙe shi ya ara mini wayarsa na yini ɗaya. Na riga na ga sunan saƙon Babana a cikin katin, abin da zai karanta murya ne babu, kuma Yaya ta nuna mini yadda ake jona ta da waya a sauko da irinsa ta rezo, wato intanet. Na cika batir ɗin ordinatar, na goya ta da zane kamar jaririya, na hau dutsen bayan gari inda rezo ya fi ƙarfi. Na zauna gindin wata ƙaya, ina kallon gero kore shar har bakin fadama, rubutu yana tafiya yana tsayawa, ni kuma ina leƙen hadarin da ke haɗuwa gabas. Abin ya gama sauka kafin iska ta taso.

A ɗakin Kaka, mahaifiyar Babana, na gwada, domin ita ta fi kowa tambayar saƙon. Idanunta sun daɗe da rufewa. Na buga umarnin, shiru. Na sake, shiru. Baba Idi yana bakin ƙofa yana murmushi. Na yi ta bin bayanin da na'urar ke bayarwa, rabi ina ganewa rabi ina cinka, har na gano sautin ne aka rufe tun asali. Na buɗe shi. Sai muryar Babana ta cika ɗakin: "Salamu alaikum, Inna, kuna lahiya?" Kaka ta amsa masa kamar yana zaune gabanta, ta miƙa hannu tana shafa ekran ɗin. Da ya gama gaishe da kowa da sunansa, ta juya wajen ƙofa ta ce: "Idi, ni da ba ni gani, mi zan yi da hoto? Bar ma ɗiyar ga abinta."

Yau a Tawa nake, aikina kula da na'urorin wani ofis, kuma har yanzu baƙin ekran nake buɗewa kowace safiya. Ƴaƴan ƙannena suna shafa waya da yatsa, murya da hoto su zo nan take, ba wanda ya taɓa tambayata ta ina suka biyo. Ba na ganin laifinsu. Sai dai nakan yi kewar lokacin da jin sallamar mutum ɗaya sai da na hau dutse.