Ƙwayar 'Yan Kallo

Kakana ya dawo daga asibitin Kaduna da magunguna iri-iri, yana shan kowanne ban da wata 'yar ƙaramar ƙwaya fara. Likita ya ce jijiyar da ke kai wa zuciyarsa jini ta ƙuntata, shi ya sa ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya yi tafiya. Da aka zo kan ƙwayar sai ya ce, "Wannan tana tsinka jini." Shi ke nan, tsoho ya ce jininsa ba kunu ba ne.

Inna ta ce in je in lallashe shi, tunda ni na yi jami'a. Na tuna mata ni ba likita ba ne, sinadaran jiki kawai na karanta. Amma ɗan abin da na sani ya isa ya tsorata ni, domin in jijiyar ta toshe gaba ɗaya, ba lallai a kai shi Kaduna da rai ba.

Na same shi a zaure bayan la'asar yana ɓarzar masara.

"Ga Malam Wataƙila," in ji shi. "Zo ka tsinka ni."

"Tsoho, a iya sanina dai..."

"An fara!"

Na daure na ci gaba. Na ce kitse ne ke taruwa a bangon jijiya, wata rana sai ya tsage. A cikin jini kuwa akwai wasu mitsi-mitsin halittu masu toshe rauni. Da sun ga tsagar sai su manne, su kira 'yan'uwansu, wani zare-zare ya ɗaure su, jini ya zama guda. Ya dube ni yana hamma. Can sai hanyar Kuyello ta faɗo min.

"Ka tuna da damina, in motar masara ta kafe a taɓo? Masu turawa kaɗan ne, amma kowa sai ya tsaya, mai babur, mai shanu, mai rake, har hanya ta rufe."

"'Yan kallo!" Ya buga cinya. "Su suka sa na kwana a Tabanni!"

"To ƙwayar nan, galibi dai, su take hana taruwa. Jinin yana nan da kaurinsa."

Ya yi dariya har da hawaye, ni ma ta kama ni, muna ta yi, masara na tarwatsewa, kaji na wawaso. Sai kuma zuciyata ta ƙi barina.

"Amma fa, Tsoho, in ka yanke, jinin zai iya jimawa bai tsaya ba. In ka ga bayan gida ya yi baƙi, dole a koma wa likita. Kuma sai ka ci abinci kafin ka sha ta."

Na ce a raina na ɓata komai. Sai ya ajiye masarar hannunsa.

"Da ka ce ba ta da wata illa, da na san Innarka ce ta rubuta maka. Miƙo fura."

Ya sha, ya jefa ƙwayar 'yan kallo, ya buɗe min baki in duba, wai kada in je ina cewa wataƙila. Na ruga cikin gida ina kiran Inna, sai a tsakar gida na lura takalminsa ne a ƙafata.