Ranar da Na Taka Igiya

Ba zan faɗi sunana ba, don dangina sun sha kunyar da ta ishe su. Ku dai sani ni ɗan Ƙofar Atiku ne a birnin Sakkwato, ɗan mai sayar da yadi, kuma ban tashi cikin yunwa ba. Mahaifina in ya auna wa mutum yadi sai ya ƙara masa faɗin tafin hannu, wai kada almakashi ya ci haƙƙin wani. Na yi karatun allo, na yi firamare. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce talauci ya kai ni inda na je. Kwaɗayi ne kawai, shi kuwa mabuɗin wahala ne.

Soja ke mulki a lokacin, kuɗin mai suna shigowa kamar ba za su ƙare ba, kowa ya zama ɗan kwangila. Aka ɗauke ni masinja a ofishin da ke ba masu haƙar rijiya lasisi. Doka ta ce ba mai karɓar aikin rijiya sai da wannan takarda, kuma ba a ba da ita sai an gwada mutum, an tabbata ya san yadda ake jera zobban siminti a jikin rami don kada ƙasa ta rufta. Masu injin burtsatse kai tsaye suke wucewa wurin manya. Ƙananan masu haƙa da hannu kuwa a bencina suke zama, ni ke ɗaukar musu fayil.

Da goro aka fara. Wanda ya ba ni, fayil ɗinsa ya hau sama. Wanda ya hana, nasa ya kwanta a ƙasa har gara ta same shi. Kafin shekara goro ya yi mini kaɗan. Na sa aka sassaƙa mini hatimi da gindin tsohon takalmin roba, na ɗebi fom a ofis, na shiga sayar da lasisi ga teloli da direbobi, mutanen da ko ramin shuka ba su taɓa haƙawa ba.

A bencin nan na san Baba Arzika, wani tsohon mahaƙin rijiya daga Gawon Nama. Rabin rijiyoyin unguwarsu aikin hannunsa ne, amma bai iya boko ba. Ya yi ta zarya wata da watanni. Ran nan ya ce mini, "Ɗana, ku taho ku ga aikina mana. Rijiyata ba ta taɓa cin kowa ba." Na ce masa gwamnati takarda ta sani, ba ta san hannu ba, kuma takarda ba ta tafiya sai da goro. Ya ce, "Goron mi? Ai haƙƙina na." Sai na zaro fom ɗinsa, na naɗe ƙosai a ciki, na zauna na ci a gabansa. 'Yan benci suka yi dariya don su faranta mini, ni kuwa na ji daɗi har cikin raina.

Da ido ya buɗe, na rubuta wa kaina lasisi, na ajiye aikin masinja, na ɗinka babbar riga. Aka ba ni aikin rijiyar unguwa a Gidan Dahala. Ban san komai a kan haƙa ba, don haka na aika aka kira Baba Arzika, wanda doka ta riga ta raba da sana'arsa, na ɗauke shi lebura. Siminti yana tsada a shekarun nan, sai na sayar da rabin wanda aka ba ni, aka buga zobba da yashi zalla. Tsohon ya kankari ɗaya da farce, ya ga yana marmashewa, ya ce, "Wanga ba zobe ba na, tuwon ƙasa na." Na ce ya riƙe bakinsa, haƙa aka ɗauke shi yi.

Akwai wata ƙa'ida ta mahaƙa da ba a rubuta ta a fom ba. Wanda ke cikin rami yana ɗaure igiya a ƙugu. In ya ja ta sau ɗaya, bokiti ya cika, a ɗaga. In ya ja sau uku, shi za a fitar, nan take, ba tambaya ba jinkiri. Ko maƙiyinka ne a ƙasa, ja za ka yi, in ya fito ku ci gaba da faɗanku.

Mun kai gaba goma sha huɗu muka taɓa yashi mai danshi. Washegari mai duba aiki zai zo tare da wani hafsan soja, kuma dole su ga ruwa. Da safe Baba Arzika ya leƙa ramin, ya kasa kunne, ya ce, "Yau ba ni shiga. Ƙasa na zuba bayan zobba, ina jin ta. A hidda su a sake." Na ce, "Kai da ba ka da lasisi ka koya min aiki? In ba ka shiga ba in kai ka ga soja, in ce kai ka haƙa ba izini. Ka san bulalassu." Sannan ya cire hularsa ya miƙa wa 'yarsa Ige, wadda ta kawo masa fura, ya yi bisimilla ya sauka.

Bokiti ya yi ta fitowa, yashin yana ƙara jiƙa, raina yana ƙara fari. Ana cikin haka igiya ta motsa sau uku. Leburorina biyu suka kai hannu, ni kuwa na sa ƙafa na take ta. Na ce, "Ku bari shi cika bokiti guda. Ruwa nika son gani." Ta sake motsawa sau uku. Muka ji muryarsa can ƙasa yana cewa a ja shi. Ige ta durƙusa ta kama bakin rigata tana cewa, "Don Allah, ranka shi daɗe, don Annabi." Na ce mata tsoron tsufa ne ke damunsa. Ban ɗaga ƙafata ba.

Ƙarar ba ta da yawa, kamar an yar da buhun gero. Ƙura ta taso daga bakin ramin, igiya ta miƙe a ƙarƙashin takalmina, ta tsaya. Sai a sannan na matsa. Mutum shida suka ja, ko gezau. Kwana uku ana tono, ana cirewa ƙasa na sake zubowa, har malaman unguwa suka ce a yi masa salla a nan a cike ramin. Rijiyar da na karɓi aikinta ta zama kabarinsa.

Kada ku yi zaton na yi kuka. Abin da ya dame ni shi ne wuyana. Na gaya wa 'yan sanda cewa tsohon mai taurin kai ne, ba shi da lasisi, kuma ni na hana shi shiga ya ƙi ji. Na tsorata leburori suka yi gum. Na miƙa takardata da hatiminta, saura ƙiris in sha. Wani mai bincike ya ƙura wa kwanan watan da ke jikinta ido, ya ɗauko tsohuwar kalanda, ya tambaye ni wane ofishi ne ke buɗewa ranar Babbar Salla. Da ka na zaɓi ranar a watan Turawa, ban taɓa tunanin in duba inda ta faɗa a watanmu ba. Daga nan bakin leburori ya buɗe. A kotu Ige magana ɗaya ta yi: "Ƙahwatai nig gani bisa igiya."

Shekara goma sha ɗaya na yi a kurkuku. Mahaifina bai taɓa zuwa ba, a can aka kawo mini labarin rasuwarsa. Da aka sa ni jan ruwa, na kama igiyar guga sai na tuna waccan igiyar na sake ta, gandiroba ya zane ni wai ƙiwa nake yi. Na san na cancanci fiye da haka. A nan na koma ga Allah, a nan kuma na fara tunanin lasisin da na sayar, da rijiyoyin da ban san abin da suka ci ba.

Ku matasa, in an ba ku riƙon takarda ko hatimi, ku sani ran wani ne a hannunku. Kada ku raina goron farko, shi ne ya kai ƙafata kan igiyar nan. Wanda ya fi ku sanin aiki in ya ce a tsaya, ku tsaya, ko da bai iya rubuta sunansa ba. Kuma kada ku yi ɓarna da niyyar za ku tuba daga baya, don wani haƙƙin ba ku da wurin mayar da shi.

Ni na gwada. Da aka sake ni na nemi gidan da Ige ke aure a Gawon Nama, na tsuguna a zaure, na ce gafara na zo nema. Ta tsaya daga bayan ƙofa ta saurare ni har na gama. Sannan ta ce, "Malam, ba ni kab bisne ba. Wanda kay yi ma laihi yana nan inda kab bar shi, gaba sha huɗu. Tahi ka roƙe shi."

Na je. Har yau ina zuwa, bai amsa ba.